Yadda ake haɗa saƙon murya na wayar da kai idan amai da gudawa ya ɓarke a unguwa

Duk damina sai an maimaita abu ɗaya. Da an ji amai da gudawa ya shigo wata unguwa sai ka ga samarin ƙungiyoyi da ɗaliban koyon aikin lafiya sun tashi haiƙan, a zauna a haɗa fosta mai kala-kala da Turanci a watsa a Facebook, abokai su yi ta danna layik ana Allah ya saka da alheri, shi ke nan wai an yi wayar da kai. To matar da ke cikin gida yaronta yana ta zawo tun asuba ba ta ga fostar nan ba, ko ta gani ma ba tsayawa karantawa za ta yi ba. Abin da ke isa gare ta shi ne saƙon murya a WhatsApp, wanda ƙanwar miji ta turo ko wanda maƙwabciya ta kunna a tsakar gida ana tankaɗe. Masu yaɗa ji-ta-ji-ta sun daɗe da gane wannan, mu ne dai muke ta fama da fosta. Kuma cutar ba ta wasa ba ce, a 2021 kaɗai an samu mutum sama da 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma jihohinmu irin su Bauchi da Kano da Jigawa na cikin waɗanda abin ya fi taɓawa.

Farko dai ka san inda ka samo maganarka. Hukumar NCDC, wato hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, tana fitar da rahoto a shafinta, ma'aikatar lafiya ta jiha ma tana sanarwa, kuma kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka, ka nemi lambarsa a asibitin unguwarku za a ba ka. Amma fa kada ka saka adadin waɗanda suka mutu a cikin saƙon, ni a wurina wannan doka ce. Adadi yana canzawa kullum, saƙon kuma yana nan yana yawo har baɗi. Haka nan kar ka kama sunan gida ko layi ka ce a gidan wane aka fara, gobe ba wanda zai ƙara faɗin cewa ɗansa ba lafiya, sai a ɓoye a ɗaki har ta kai ga abin da ba a so.

Sai wanda zai yi maganar. Ba dole sai kai ba, gaskiya ma in saurayi ne kai gara ka haƙura. Masu jinyar yara mata ne, muryar mace babba wadda aka sani ta fi shiga, malamar asibitin da ke yi musu awo, ko ungozomar unguwa, ko malamar Islamiyya in an zaunar da ita an yi mata bayani. Bayan sallama ta faɗi wace ce ita, daga wane asibiti ko wace unguwa, ta kuma faɗi ranar da watan da shekarar da bakinta a cikin muryar. Rubutun da ka ɗora a ƙarƙashin saƙo yana ɓacewa tun a turawa ta biyu, abin da aka faɗa da baki ne kawai ke tafiya tare da shi.

Yanzu ga inda kusan kowa ke ɓarar da aikin, wato awon ruwan gishiri da sukari.

Abin da ke kashe mai kwalara shi ne ƙarewar ruwan jiki, kuma yana iya faruwa cikin awoyi kaɗan, shi ya sa babban saƙon shi ne a fara ba shi ruwan ORS, wato ruwan gishiri da sukari, nan take ana hanyar asibiti. In akwai ledar ORS ta kyamis ita ce gaba da komai, kuɗinta ma ba wani yawa ba ne, a karanta jikin ledar a ga yawan ruwan da ta ce don ba duka ne girmansu ɗaya ba. In babu sai a haɗa na gida: ruwa mai tsabta lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali. A rubuce abu ne mai sauƙi. Amma ka saurari yadda sababbin shiga ke faɗarsa, "a samu ruwa lita ɗaya a zuba cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri", a guje, numfashi ɗaya. Wane cokali? A gidaje da yawa in ka ce cokali babban na cin shinkafa za a ɗauko, wata ma ludayi ne a kusa da ita. Lita ɗaya kuma da me za ta auna? Sannan mafi haɗari, wadda ta ji saƙon sau ɗaya a wayar wani ta koma gida tana tunawa, shida da rabi, wanne ne na gishiri wanne ne na sukari, in ta juya su ta ɗura wa jariri ruwan da gishiri ya yi wa yawa ta ƙara masa wata cutar a kan wadda yake ciki.

Kar ka ce ai ba wanda zai yi haka. A watan Agustan 2014 lokacin Ebola saƙo ya zagaye ƙasar nan cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, mutane suka yi ta buga wa 'yan'uwa waya kafin asuba, har da masu digiri a cikin waɗanda suka yi, aka kwantar da wasu a asibiti, aƙalla mutum biyu suka mutu. Ba mugunta ta sa aka yaɗa ba, ƙauna ce, kowa yana son ya tsirar da nasa. Da irin wannan saurin naka ma zai tafi, in da kuskure a ciki ba ka da hanyar kiransa ya dawo.

Don haka ga yadda nake so a faɗa. Lita ɗaya a ce leda biyu ta fiya wata, kowa ya san ta, in babu a tafasa ruwa a bari ya huce a auna daidai hakan. Cokali a ce ƙaramin cokalin shayi, a ƙara da cewa ba na cin abinci ba, kuma a shafe bakinsa da yatsa kar a yi masa tozo. A faɗi sukari shi kaɗai a tsaya a numfasa, "sukari shi ne mai yawan, shida". Sannan gishiri shi kaɗai, "gishiri ɗan kaɗan ne, rabin ƙaramin cokali, bai kai cokali ɗaya ba". A maimaita duka sau biyu. A ce ta ɗanɗana kafin ta bayar, kada gishirinsa ya wuce na hawaye. Wanda aka haɗa in ya kwana ya wuni a zubar a sake sabo, mai shayarwa kuma ta ci gaba da ba da nono.

Kafin ka tura wa kowa, kunna wa wata dattijuwa a gidanku sau ɗaya tak, ka miƙa mata kofi da sukari da gishiri ka ce Hajiya haɗa mana mu gani, kai kuma ka yi shiru ka zuba ido. Cokalin da hannunta ya kai gare shi zai gaya maka ko saƙon ya yi. In ta yi kuskure laifin saƙon ne, a koma a sake ɗauka.

Alamomin da za a ruga asibiti a faɗe su a taƙaice: zawo tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, idanu sun faɗa, fitsari ya ɗauke, yaro ya kasa sha ko ya yi laƙwas. Kada a ambaci sunan wata ƙwayar magani a ce a saya, mutanenmu dama neman dalili suke su tsaya a kyamis.

Batun ƙaryata ji-ta-ji-ta kuwa, don Allah kar ka turo saƙon ƙaryar a guruf ka rubuta "wannan ba gaskiya ba ne" a ƙasa, ka taya shi tafiya ne kawai, rabin mutanen ba su taɓa jin sa ba sai a wurinka. Ka fara da abin da yake daidai, ka taɓo ƙaryar da jimla ɗaya ba tare da zagin kowa ko kiran mutane jahilai ba, ka koma kan daidai ɗin.

Ɗauka ba ta buƙatar sitidiyo, kar wani ya karɓe maka kuɗi. Ɗaki mai katifa da labule, a kashe fanka, a jira janareton maƙwabta ya yi shiru. Minti ɗaya da rabi ya isa, abin da ya wuce haka mutane na ganin tsawonsa su tuna datarsu su wuce. Maganar wanke hannu da tafasa ruwa da rufe abinci a yi mata nata saƙon daban.

Wajen rabawa, tun 2020 WhatsApp ya taƙaita saƙon da aka yi ta turawa, ba ya barin ka aika shi sai wuri ɗaya a lokaci guda, don haka ka ba mutum kamar goma asalin fayil ɗin kowa ya ɗora a guruf ɗinsa da kansa, na 'yan adashe, na iyayen yara a makaranta, na 'yan kasuwa, na dangi. A kai wa mai unguwa da liman su ma su ji, in da wanda ka sani a gidan rediyo ka tura masa. Lambar NCDC ta kira kyauta 6232 ce, a faɗe ta a ƙarshen saƙon tare da sunan asibitin da ya fi kusa, amma ka fara leƙawa ka tabbatar suna karɓar masu amai da gudawa da daddare kafin ka tura mutane can.