Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Karanta Tsohon Hoto

An ce gani ya kori ji, shi ya sa da zarar an nuna mana tsohon hoto sai mu sallama. Kuskuren farko ke nan, kuma shi ne mafi girma. Mai riƙe da kyamara mutum ne, yana da abin da yake so a gani. Bayan gumurzun Gettysburg a yaƙin basasar Amurka a 1863, Alexander Gardner da abokan aikinsa sun ɗauki hoton gawar wani soja kwance tsakanin duwatsu, ga bindiga a jingine. Sai daga baya masu bincike suka gano cewa ɗauko gawar aka yi daga wani wuri aka shirya ta a nan. A Tarayyar Sobiyet abin ya wuce haka. Akwai hoton Nikolai Yezhov, shugaban 'yan sandan sirri, tsaye kusa da Stalin, shugaban ƙasar, a bakin ruwa. Da aka kashe Yezhov a 1940, sai aka goge shi tas daga hoton, ruwa ya maye gurbinsa. Don haka kafin ka gaskata hoto, tambayi wa ya ɗauka, wa ya sa shi, kuma ka nemi wani kwafin ka kwatanta.

Wani kuskuren shi ne mu ɗora wa mutanen zamanin da laifin kyamararsu. Ka ji ana cewa ba su san fara'a ba, ko garuruwansu kufai ne. Dubi hoton da Louis Daguerre, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro ɗaukar hoto, ya ɗauka na wani titi a Paris a 1838: fayau, ba kowa, alhali titin cike yake da kekunan doki da masu tafiya. A lokacin sai kyamara ta yi mintoci a buɗe kafin hoto ya kama, duk abin da ke motsi kuwa ba ya fitowa. Wani bawan Allah da ya tsaya ana goge masa takalmi shi ya fito, don bai motsa ba. Ni dai wannan mutumin yana burge ni, ya shiga tarihi bai sani ba.

Rubutun da ke ƙasan hoto a intanet ma ba hujja ba ne. Saka hoton a manhajar binciken hoto irin su Google Lens ko TinEye ka ga inda ya fara fitowa. Launin da ake ƙara wa hotuna masu baƙi da fari kuma sau da yawa kintace ne na kwamfuta, kada ka kafa hujja da shi cewa rigar wane ja ce.

Tsofaffin hotunan gida kuwa, hannu ne ke kashe su. Kada a rubuta da biro a baya, tawadar na ratsawa. Fensir mai laushi ya isa. Kada a manne su cikin leda da injin zafi, ba a iya cirewa. A ajiye su nesa da rana da danshi, a zauna da dattijon gida ya faɗi sunayen waɗanda ke ciki da shekarar, a rubuta.