Yadda za ka sama wa tsohon doki marar lafiya sabon gida ba tare da ya ƙare a tirela ba

Yawanci ga yadda abin yake faruwa, mai doki ya tsufa ko Allah ya yi masa rasuwa, 'ya'ya kowa ya kama gabansa babu wanda hawa ya dama, ga dusa da harawa sun yi tsada, sai a bar dokin a turke a bayan gida yana lasar ƙasa yana tauna leda, har ta kai daga nesa kana iya ƙirga haƙarƙarinsa. Daga nan sai wani ya ce a kai shi kasuwa kawai a huta. To wannan maganar ce nake so ka dakata da ita tukuna, don tsohon doki marar lafiya in ya shiga hannun dillali a Maigatari ko Mai'aduwa, galibi ko dai masu kai dawaki kudu su loda shi a tirela zuwa wurare irin su Obollo-Afor a jihar Enugu inda ake yanka dawaki, ko kuma masu ba da haya su saye shi da araha yara su yi ta kilisa a kansa a kan kwalta har ya faɗi. In ba haka kake so ba, ga hanyar da za ka bi.

Na farko, ka tabbatar kana da ikon ba da shi. In dokin gado ne to dukiyar magada ce, ko da kuwa babu wanda ya taɓa ba shi ruwa a cikinsu, ranar da suka ji an bayar za ka ga kowa ya tuna yana da kaso. Ka tara su ko ka kira su ɗaya bayan ɗaya, a amince a gaban shaidu. In kuma na maƙwabci ne da ya yi watsi da shi, kar ka je da faɗa, ka bi ta hannun mai unguwa ko wani dattijo da yake jin nauyinsa, a lallaɓa shi ya sallama ko ya sayar maka a kuɗi kaɗan.

Na biyu kuma shi ne wanda ya fi kashe dawaki, wato abinci. Mutum ya ga doki ya rame tausayi ya kama shi sai ya cika kwano da gero ko dawa ya tura masa, wallahi wannan tausayin kisa ne. Dokin da ya daɗe da yunwa jikinsa ya saba da babu, in hatsi ya shiga masa farat ɗaya sinadaran jininsa ne suke rikicewa, zuciya da numfashi su gaza, sai ka ga cikin kwana 3 zuwa 5 ya kwanta bai tashi ba, a ce ai dama ajali ne. Ko kuma ciwon ciki ya murɗe shi, shi doki kuwa ba ya amai, abin da ya shiga ya shiga ke nan. Abin da za ka yi shi ne harawa mai kyau, ta wake ko ta gyaɗa, wadda ba ta yi fumfuna ba, kamar rabin kilo duk bayan awa 4, har da dare, na tsawon kwana 3. Daga kwana na 4 zuwa na 10 ka riƙa ƙara yawan kana rage sau nawa ake ba shi, har ya dawo sau uku a rana. Bayan nan ne za a bar masa harawa da ingirici ya ci iya cinsa. Hatsi kuwa ka manta da shi sai ya fara ciko, shi ma da tafin hannu za a fara, dusa kuma a jiƙa ta. Ruwa mai tsabta kar ya yanke a gabansa, da zafin bazara doki yana iya shan lita 40 ko fiye a rana. Gishiri kaɗan ba laifi. Sannan don Allah kar a ba shi ragowar abincin kaji, akwai maganin da ake sa wa a wasu abincin kaji mai suna monensin, ɗan kaɗan ɗinsa yake kashe doki. Kuma ka sa a ranka abin zai ɗau lokaci, dokin da ya rame sosai yakan yi wata 3 zuwa 5 kafin ya dawo jikinsa.

Na uku, kira likitan dabbobi tun a satin farko, likita na gaske ba mai kemis da zai yi masa allurar shanu ba, don akwai magungunan da saniya take ɗauka lafiya lau amma su kayar da doki. In kana kusa da Zariya akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, haka Sakkwato da Maiduguri, in ba haka ba asibitin dabbobi na jiha, ko ka tambayi masu kula da dawakin polo wa yake duba musu, su sun san wanda hannunsa ya faɗa a kan doki. Kafin ya zo ka iya auna wasu abubuwa da kanka, zafin jikin doki mai lafiya yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5 a ma'aunin Celsius, numfashi 8 zuwa 16 a minti ɗaya in yana tsaye a huce, ka ɗaga leɓensa ka ga dasashi, in ya yi fari fat ko ya yi ɗorawa to akwai matsalar jini, sau da yawa kaska ce ta jawo. Likita zai duba tsutsar ciki, amma ka bar shi ya yanke lokacin ba da maganin, don dokin da ba ƙarfi kuma cikinsa cike da tsutsa in aka kashe su gaba ɗaya suna iya toshe masa hanji. A yi masa rigakafin tetanus, cutar nan mai sandarar da jiki, doki yana saurin kamuwa da ita ta ɗan ciwo ƙarami. Gyambon sirdi a baya a wanke da ruwan gishiri a sa maganin da likita ya ce, a daina zuba baƙin mai na inji, ban san wa ya koya wa mutane wannan ba. Kofato in ya yi zaƙo-zaƙo a samu mai yankan kofato ya rage a hankali, daga nan duk sati 6 zuwa 8.

A nan ne kuma za ka yi wa likita tambaya mai nauyi, shin dokin nan zai tashi kuwa? In ya karye a ƙafa, ko ya kai kwanaki a kwance ba ya iya miƙewa ko an ɗaga shi, ko ciwo ne da ba ya jin magani, to neman masa sabon gida ɗora wa wani wahala ne shi kuma a tsawaita masa azaba. Ka saurari likitan, ka tambayi malami in zuciyarka ba ta kwanta ba.

Na huɗu, ka san shekarunsa. Doki yakan kai 25 zuwa 30 in ya samu kula, saboda haka wanda ake ce wa tsoho ɗan 16 ne wani lokacin, yunwa ce ta tsofar da shi. Ka duba haƙoran gaba na sama, na can gefe, akwai wani layi mai duhu da yake fara saukowa daga dasashi wajen shekara 10, ya kai rabin haƙori a 15, ya kai ƙarshe a 20. In kuma ka ga yana tauna harawa yana zubar da ita dunƙule-dunƙule a jiƙe, turamen haƙoransa ne suka yi kaifi ko suka zube, likita zai goge su, wanda zai karɓe shi kuma dole ya san abincinsa sai an yayyanka an jiƙa.

Sai na biyar, neman mutumin. Kar ka fara sai dokin ya yi sati 3 ko 4 yana ci yana tsayuwa da ƙafarsa. Kuma kar ka yi cigiya ana gab da Sallah ko lokacin Sallar Gani a Daura da Gumel, lokacin kowane doki mai ƙafa huɗu nemansa ake a ɗaura masa sirdi, kowa zai ce maka yana so. Ka fara da mutanen da doki yake jininsu, Shamaki da 'yan bargar gidan sarki ko hakimi, tsofaffin mahaya, masu aikin barga a kulob ɗin polo na Kano, Kaduna, Katsina ko Zariya, ba lallai su karɓa ba amma sun san wane Alhaji ne yake da gona da fili kuma ba ya iya ganin doki a wulaƙance. A ganina manomi a ƙauye mai harawar kansa da rijiya kusa ya fi mai kuɗin birni da zai ɗaure shi a kan siminti ya bar wa maigadi. In za ka sa a gurup na WhatsApp ko Facebook ka ɗauki hoto ta gefe da ta baya da rana, da ɗan bidiyo yana tafiya, ka faɗi gaskiya tsaf, shekarunsa kaza, ga ciwon da yake da shi, ga abin da likita ya ce, ba na sukuwa ba ne ba na haya ba. Kar ka rubuta kyauta a fili, dillalai suna cikin gurup ɗin nan kuma sun iya magana mai daɗi.

Duk wanda ya kira ka bari ya yi ta magana kai kana saurare. Wanda tambayarsa ta farko ita ce nawa ne kuma yau zan iya turo mota, ka san inda aka dosa. Mai son doki zai tambaye ka me yake ci, yana cizo ko harbi, ya kofatonsa. Kai ma ka tambaye shi ya taɓa riƙe doki, ina wancan ya ƙare, wa zai riƙa kula da shi kullum, me yake ba dabbobinsa daga watan Maris zuwa faɗuwar ruwa lokacin da harawa take wuya.

Na shida, ka je da ƙafarka ka ga wurin, kar ka yarda da hoto. Ka duba akwai rumfa ko inuwar bishiya, ƙasan bargar yashi ne busasshe ko taɓo da fitsari, ruwa yana kusa, akwai tarin harawa a kan rumfa ko sai an je saye kullum. Ka kalli sauran dabbobin gidan, in jakinsa da tumakinsa a rame suke to kar ka sa ran naka zai bambanta. In akwai ingarma mai ƙarfi a wurin dole a raba su, tsoho ba ya iya ƙwatar abinci. Kuma a ware shi shi kaɗai na sati 3 da farko da bokitinsa daban, masu dabbobi a Sakkwato da Nijar ba su manta murar da ta kashe jakuna da dawaki a 2018 zuwa 2019 ba, mai hankali da kansa zai nemi a yi hakan.

Na bakwai, a rubuta. Na san mutanenmu za su ce haba ai amana ce, to a rubuta amanar. Takarda ɗaya ta isa, kamannin dokin, akawal ne ko kili ko hurde, da tabon da yake da shi, cewa ba za a sayar ba, ba za a ba da haya ba, in ya gaza riƙewa zai dawo maka da shi ko a nemi wani tare, kuma kana da damar zuwa dubawa. Shaidu biyu su sa hannu, in da hali har da dagacin garin, kowa ya riƙe kwafi. Wasu ma aro suke fara bayarwa na wata 3 kafin su mallaka gaba ɗaya, wannan dabarar ta fi kwantar da hankali in ba ka san mutumin sosai ba.

Ranar tafiya a yi sammako kafin rana ta yi zafi. In kusa ne a ja shi da ragama a hankali ana hutawa, kar kowa ya hau. In sai da mota, a zuba yashi da ciyawa a ƙasa kar ya zame, a jingina motar da tudu ya shiga da ƙafarsa ba a ɗaga shi da duka ba, kar a haɗa shi da shanu, direba kuma ya san ba buhunan masara ya ɗauko ba. Ka haɗa masa da harawar da ya saba ci ta sati ɗaya aƙalla don a canja masa abinci sannu-sannu, da sauran magungunansa da lambar likitan, da bokitinsa ma in akwai, wasu dawakin ba sa son shan ruwan sabon wuri da farko.

Bayan sati 2 ka je ba tare da ka sanar ba, sannan bayan wata ɗaya, kowane zuwa ka ɗauki hoto ta gefe ɗaya ka gwada da na baya. Ka shafa bayansa ka ga ko akwai shatin sirdi ko sabon gyambo, ka duba kashinsa da bokitin ruwa. In ka tarar yana komawa baya ko an fara ba yara shi suna kilisa, ka ɗauko takardar nan ka je wajen dagaci, ka kuma kira mutum na biyu a cikin waɗanda suka nuna suna so, shi ya sa tun farko ba a goge lambobinsu.