Daga Hannun Majinyaci Zuwa Kwali: Kurakuran da Ke Sa Allura Ta Soki Ma'aikacin Asibiti

Duk wanda ya daɗe yana aikin jinya ya san wannan "wash!" ɗin da ake yi ƙasa-ƙasa. Sai ka ga abokiyar aiki ta juya baya, ta zare safar hannu, tana leƙen yatsa. Ka ce, "Sista, lafiya?" Ta ce, "Ba komai, ɗan taɓa ni kawai ta yi." Ta goge da auduga, ta sa sabuwar safa, ta wuce gado na gaba. A shekarun da na yi a ɗakin majinyata da ɗakin haihuwa na ga haka ya fi a ƙirga, ni ma kuma na taɓa yin irinsa. Abin da na lura shi ne, allura ba ta cika sokar mu muna tsakiyar yi wa majinyaci ba. Sai an gama, hankali ya koma wani wuri, allurar kuma tana nan tsirara da jini a cikinta.

Mayar da murfi shi ne babban abin da ke cin yatsunmu. Sirinji a hannun dama, murfi a hagu, kana auna ramin da bai fi ƙwayar dawa ba, wani kuma yana kiran sunanka daga bakin ƙofa. Kuskure kaɗan, tsinin ya zarce cikin ɗan yatsa. Muna yi ne da kyakkyawar niyya, don kada ta soki wani, amma allurar da ta shiga jikin mutum ba ta da sauran buƙatar murfi. Ita da sirinjin a haɗe za su faɗa kwalin da aka tanada don zubar da allurai, ba cirewa, ba lanƙwasawa, ba karyawa. Idan dole ta kama, misali ka zuƙi magani za ka kai shi wani gado, ajiye murfin a kan tebur, ka zura allurar da hannu ɗaya, ka ɗago, sannan ka danne. Ɗaya hannun ya tsaya a bayanka har sai tsinin ya ɓuya.

Me ya sa ma muke jin sai mun rufe? Don kwalin yana can kusa da teburin nas, mu kuma muna gado na goma sha biyu. Nisan nan shi ke haifar da sauran ɓarnar: allura a faranti cikin auduga, allura a aljihun riga, allura a soke a katifa wai "yanzu zan dawo". Kwalin ne ya kamata ya bi allura. Ɗora shi a kan keken magani, ya zama inda hannunka zai kai ba tare da ka ɗaga ƙafa ba. Kuma a daina cika shi har baki. Idan ya kai kashi uku cikin huɗu, a rufe, a kawo sabo. Na ga masu danna sirinji da tafin hannu don a sami wuri, na ga masu zazzage kwali a sake amfani da shi. Inda kwalin ya yanke, jarka mai kauri mai ƙaramin baki, da rubutu a jikinta, ta fi komai dama-dama kafin a kawo. Leda kuwa, ko kusa.

A nan zan ɗan tsaya, don ledar nan ce ta fi damuna. Wata asuba, a wani asibiti da na yi aiki, dattijon da ke mana shara ya ɗaga baƙar leda daga kwandon shara ya rungumo ta a cinya, kamar yadda ya saba. Allurar kanula, irin wadda ake sawa a jijiya don ƙarin ruwa, ta huda ledar, ta huda wando, ta shige shi. Ya zo wurina yana murza wurin, ya ce, "'Yata, wani abu ya cije ni a sharar nan." Na ce, "Baba, zauna mu gani." Muka buɗe ledar, allurai huɗu muka tarar, ba wanda ya san na wane majinyaci ne, balle a gwada jininsa. Baba bai taɓa riƙe sirinji ba a rayuwarsa. Ɗaya daga cikinmu ne ya jefa ta a inda ba wurinta ba. Masu shara, masu wankin zannuwan gado, masu kai datti wurin ƙonawa, su ne ba a kira taron horo, ba a ba su safar roba mai kauri da takalmi, sunansu kuma ba ya shiga jerin masu rigakafi. Wanda ya yi amfani da allura shi zai jefa ta kwali da hannunsa. Ba a barin wannan aiki ga ɗalibi ko mai shara.

Sai gajiya da duhu. Aikin dare na uku a jere, nas ɗaya da gadaje talatin, an ɗauke wuta, kana neman jijiyar yaro da fitilar waya a baki. Ƙarancin ma'aikata da rashin wuta laifin masu gudanar da asibiti ne, kuma ya kamata mu riƙa faɗa musu a rubuce. Amma akwai abin da ke hannunmu: wani ya riƙe maka fitila, ka nuna wa uwa yadda za ta matse ƙafafun yaro tsakanin cinyoyinta ta kama hannunsa, ka gaya wa babba cewa ga allura nan kafin ta taɓa shi. Mai jijjiga ko wanda hankalinsa ya gushe, kada ka tunkare shi kai kaɗai.

A ɗakin tiyata, miƙa wuƙa ko allurar ɗinki hannu da hannu ne matsalar. A ajiye a faranti, a faɗa da baki, ɗayan ya ɗauka. Ungozoma mai ɗinkin ƙari kuma ta daina laluben tsinin allura da yatsa a inda ido ba ya gani, ga almakashin riƙe allura, ga hantsaki. Safa biyu ta fi ɗaya. Wanda yake ganin ɗan yanka ba komai ba ne ya tuna da Dakta Jeanette Troup, wadda ta yanke a yatsa tana binciken gawa a Jos a 1970, zazzaɓin Lassa ya kama ta, ta rasu.

To, ta riga ta soke ka. Kuskuren farko shi ne matse wurin da ƙarfi, ko tsotsa, ko zuba Jik. Babu wanda ke fitar da ƙwayar cuta a cikinsu, sai dai su ƙara ɓata naman wurin. Wanke da sabulu a ƙarƙashin famfo, in babu famfo wani ya zuba maka da buta, ka rufe da filasta. Daga nan kai tsaye sai wurin shugabar sashe, a rubuta, a nemi izinin majinyaci a gwada jininsa, kai ma a ɗibi naka. A faɗi irin allurar: mai rami wadda ta fito daga jijiya, da suka mai zurfi, sun fi ƙarjin allurar ɗinki hatsari.

Shiru ya fi duk waɗannan kurakuran muni. Wani kunya ce ke hana shi magana, wani tsoron a ce bai iya aiki ba, wani kuma ya dubi majinyaci ya ce ai wannan lafiyarsa ƙalau. Ba a gane mai ɗauke da ƙwayar cuta a fuska. Maganin kariya daga ƙanjamau yana da iyakar lokaci: cikin awa 72, kuma wanda aka fara a awannin farko ya fi amfani. Suka ta daren Juma'a ba ta jiran Litinin. Ana shan sa kwana 28 cur, kuma da yawa suna ajiyewa a mako na biyu don tashin zuciya ko kasala. In ya dame ka koma wurin likita, kada ka yanke da kanka, ka kuma dawo gwajin bibiya a ranakun da aka sa maka. Allah ne mai tsarewa, shi ne kuma ya hore mana maganin.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne duk hankalinmu yana kan ƙanjamau, alhali wadda ta fi saurin kamu tana gefe. Idan allurar mai ƙanjamau ta soki mutum, hatsarin kamuwa kusan 3 ne cikin 1,000. Na ciwon hanta nau'in C kusan 2 cikin 100. Na nau'in B kuwa, ga wanda bai yi rigakafi ba, yana iya kaiwa 30 cikin 100, kuma ƙwayarsa tana rayuwa mako guda a busasshen jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2000 sukar kayan aiki masu tsini ta sa ma'aikatan lafiya kusan 66,000 sun kamu da nau'in B, 16,000 da nau'in C, 1,000 da ƙanjamau. A Najeriya, binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da nau'in B. Lissafa gadajen ɗakinka ka gani.

Nau'in C ba shi da rigakafi, sai dai yanzu yana da maganin da ke warkar da shi idan an gano. Nau'in B yana da rigakafi mai ƙarfi, amma sai a 2004 ya shiga jerin alluran yara a Najeriya, ke nan yawancin waɗanda ke bakin aiki yau ba su same shi suna jarirai ba. Allura uku ce: yau, bayan wata ɗaya, sai a wata na shida. Ta ukun ce ake mantawa. Wata ɗaya zuwa biyu bayan ta, inda hali ya yi, a gwada jini a ga ko garkuwar ta kama. Wanda aka soka bai yi ba, a fara masa nan take, a kuma nemi allurar garkuwa ta gaggawa, wadda ta fi aiki a cikin awa 24.

Baba ya sha maganinsa kwana 28, muka fara masa rigakafin hanta a ranar, gwaje-gwajensa duka suka fito lafiya. Bayan nan muka zauna muka rubuta sunayen masu shara da masu wanki na sashenmu, muka tambaye su ɗaya bayan ɗaya. Ban da Baba, babu ko mutum guda da ya taɓa karɓar allurar farko.