Darasi na 9: Jinyar Wanda Ciwo Ya Kwantar

Akwai ciwon da ake shan magani kwana uku a miƙe. Akwai kuma wanda idan ya zo ya zauna ke nan, kamar hawan jini, ciwon suga, ciwon ƙoda, ciwon daji da shanyewar ɓarin jiki. Irin wannan, asibiti kan yi nasa a sallamo mutum, sauran aikin ya dawo gida. A gida kuwa babu likita, sai mata ko 'ya ko suruka ko ƙani. Wannan darasi nasu ne.

Mu ɗauki dattijon da hawan jini ya kayar, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ba ya iya juyawa da kansa.

Juyawa

Kwanciyar kanta tana ciwo. Idan mutum ya daɗe a gefe ɗaya, nauyin jikinsa yana matse fata a kan ƙashi, jini ya kasa kaiwa wurin, naman ya fara mutuwa. Daga nan sai gyambo. Ya fi fitowa a ƙugu, da ƙasan baya, da diddige, da idon sawu, da kafaɗa, da ƙeya. Gyambon kwanciya kan fara cikin yini guda, amma warkar da shi sai an shafe watanni, wani lokaci ma shi ke ɗaukar ran mutum, ba ciwon da ya kwantar da shi ba.

Maganinsa hannu ne, ba kuɗi ba: a juya maras lafiya duk bayan awa 2. Dama, rigingine, hagu, a sake komawa. Mai waya ya sa ƙararrawa. Da dare a raba aikin, kada a bar wa mutum ɗaya.

Kafin ki taɓa shi, ki yi masa magana: "Baba, sannu. Zan juya ka ɓangaren hagu." Ko bakinsa ba ya furta komai, kunnensa yana ji, kuma girmansa na nan. Kada a ja shi a kan shimfiɗa, fata tana saɓulewa. Mutum biyu su kama zanen da ke ƙarƙashinsa su ɗaga. A sa matashi tsakanin gwiwoyinsa, a sa wani a ƙarƙashin sha-raɓa don diddige ya tashi daga katifa. Hannun da ya shanye ba a jan mutum da shi, kafaɗar tana iya gocewa.

Duk safiya a duba fatar da kyau, a wuri mai haske. A nan mutane da yawa ke yin kuskure, domin suna jiran su ga ja, alhali a baƙar fata ja ba ya nunawa sosai. Abin dubawa shi ne wurin da ya fi sauran jiki duhu, ko ya yi zafi, ko ya yi tauri. In an gan shi kada a murza, a dai ɗauke masa nauyi. In fata ta riga ta fashe, kada a zuba toka ko garin magani, a nemi ma'aikacin lafiya. Fitsari da gumi suna cin fata, saboda haka a wanke da ruwan ɗumi, a tsane, a shafa man kaɗanya. Idan an shimfiɗa leda, a ɗora zani a kanta.

Abinci da magani

Wanda ɓarin jikinsa ya shanye yakan ƙware da ruwa. Kada a ba shi komai yana kwance. A zaunar da shi, a ba shi kaɗan-kaɗan da cokali, ya ƙara minti 30 a zaune bayan ya gama. Kunu mai kauri ya fi ruwa tsinkakke sauƙin haɗiya. Gishiri kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma ɗunƙulen miya ma gishiri ne.

Maganin hawan jini ba a barinsa don an ji sauƙi, sauƙin daga maganin yake. A riƙa awo. In ana yawan ganin 140 bisa 90 ko sama da haka, a koma wa likita.

Idan kwana ya ƙarato

Wani ciwon likita zai ce babu sauran warkewa. Wannan ba ya nufin a daina kula. Akwai maganin raɗaɗi mai ƙarfi, mofin na ruwa, wanda likita ke rubutawa a manyan asibitoci. A tambaya, babu kunya a ciki. Barin mutum yana nishi dare da rana ba shi ne haƙuri ba. Idan ya daina son abinci kada a ɗura masa, a jiƙa leɓɓansa da auduga da ruwa. Tun yana da bakin magana a tambaye shi bashin da ake bin sa da wanda yake bi, da wasiyyarsa, a rubuta a gaban shaidu. A taimaka masa da taimama, ya yi salla yadda ya iya. A zauna kusa da shi, a riƙa faɗin kalmar shahada a hankali yadda zai ji, ba tare da matsa masa ba.

Aikin gida

Rubuta wurare 4 da gyambon kwanciya ya fi fitowa. Sannan ka zana jadawalin juyawa daga ƙarfe 6 na safe zuwa 10 na dare, ka sa sunan wanda zai yi kowane juyi a gidanku.