Kurakuran da ke hana gwanin unguwa zama ƙwararren ɗan ƙwallo

Kowace unguwa tana da gwaninta, yaron da in ya karɓi ƙwallo sai 'yan kallo su miƙe. Amma da yawansu a gwajin kulob na farko suke faɗuwa, kuma ba rashin baiwa ke kayar da su ba.

Babban kuskuren shi ne ɗaukar wasan yamma a matsayin atisaye. Mai bugawa don nishaɗi yakan zo fili bayan La'asar, ya maimaita abin da ya riga ya iya, ya yanke mutum biyu a yi masa tafi, ya koma gida. Ɗan wasa na gaske kuwa inda yake da rauni nan yake bi. In hagunka ba ta aiki, nemi bango bayan Asuba, ka yi ta buga masa ƙwallo da ita, tana dawowa kana tarewa, minti 20 kullum, ba mai kallo. Haka ma numfashi. Ɗan tsakiya a babban wasa yakan ci kilomita 10 zuwa 12 cikin minti 90, kuma sassarfa kaɗai ba ta kai mutum nan. Sai ka haɗa da gajeren gudu iya ƙarfinka, ka ɗan huta, ka sake.

Barci ma atisaye ne, don a cikinsa tsoka ke gyaruwa. Wanda ya raba dare a gidan kallo ko a kan waya, ya bar awa 8 ɗinsa, da safe jikinsa zai faɗa masa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake wasa da rauni. Yaro ya yi targaɗe, idon sawu ya kumbura, a murza masa, jibi ya ɗaure da tsumma ya koma fili don kada a ce rago ne. Wani har tramadol yake haɗiya. Ƙwayar tana ɓoye zafi ne kawai, jijiya kuwa tana ci gaba da yagewa, kuma tun Janairun 2024 WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni, ta haramta ta a lokacin gasa. Ka sa ƙanƙara, ka ɗaga ƙafar sama, in ba ta takuwa ka ga likita.

Sai gaggawar tafiya Turai. Ahmed Musa sai da ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, ya fi kowa zura ƙwallo a gasar Najeriya, kafin VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi. Ka fara samun gurbi a kulob ɗin gida da ke buga gasa mai rajista. Duk dillalin da ya ce mahaifinka ya sayar da gona a biya kuɗin gwaji, ka ce ya nuna lasisinsa na FIFA da takardar gayyata daga kulob ɗin, sannan ka tuntuɓi kulob ɗin da kanka kafin a ba shi ko sisi.