Yadda za ka gane nauyin masanin tsoka kafin ka jingina bincikenka da shi

Ɗalibanmu da ke karatun likitanci ko kimiyyar motsa jiki a Jidda, Makka da Riyad sukan tsaya a wuri ɗaya in an zo zaɓen mai duba kundi ko wanda za a kafa hujja da aikinsa: su buɗe Google Scholar, shafin neman maƙalun ilimi, su ga lamba mai girma ta yawan ambaton aikinsa a maƙalun wasu, su gamsu. Lambar tana da amfani, amma akwai aiki kafinta da bayanta.

Fara da tabbatar da mutumin. A nan Saudiyya wannan ba ƙaramar matsala ba ce, domin sunan Larabci yakan shiga haruffan boko ta hanyoyi da yawa. Dubi laƙabin Hausawi: wani ya rubuta Hawsawi, wani Hosawi, wani ya ƙara Al a gaba. Sai Scopus, rumbun da ke tara maƙalu da ƙirga ambatonsu, ya raba mutum ɗaya gida biyu, ko ya haɗe mutum biyu wuri guda. Nemi lambarsa ta ORCID mai alƙaluma 16, wato lambar shaida ta masu bincike, ka gwada ta da jami'arsa da fanninsa.

Sai ma'aunin h, wanda Jorge Hirsch ya fito da shi a 2005. Jera maƙalun mutum daga wadda aka fi ambata zuwa ƙasa, ka nemi matsayi na ƙarshe da yawan ambaton maƙalar ya kai lambar matsayinta. A ce ambatonsu 90, 40, 22, 9, 6, 5, 2. Ta biyar tana da 6, ta wuce matsayinta. Ta shida tana da 5, ba ta kai shida ba. Ma'auninsa 5 ke nan. Duba shi a Scopus ko makamancinsa Web of Science ta ɗakin karatun jami'arku, ka cire ambaton da ya yi wa kansa. Google Scholar yakan ba da adadi mafi yawa saboda yana ƙirga kundaye da takardun taro. Kuma kada ka gwada matashi da dattijo, domin ma'aunin ba ya raguwa, shekaru ne ke ciyar da shi.

Inda ya kamata ka daɗe shi ne wannan tambaya: me ya sauya a fannin saboda aikinsa? Masanan Suwidin sun ishe mu misali. A 1962 Jonas Bergström ya farfaɗo da hanyar cire ɗan ƙanƙanin naman tsoka da allura, har aka iya auna abin da ke cikin tsokar mutum mai rai kafin motsa jiki da bayansa. A 1966 shi da Eric Hultman kowanne ya tuƙa keke da ƙafa ɗaya har ta gaji liƙis, suka yi kwana uku suna cin abinci mai yawan sitaci. Gilaikojin, wato sukarin da tsoka ke ajiyewa, ya kai kusan ninki biyu a ƙafar da ta wahala. A 1967 suka haɗu da Lars Hermansen da Bengt Saltin, suka nuna cewa yawan wannan ajiya yana tafiya da tsawon lokacin da mutum zai jure aiki mai nauyi. Daga nan ne 'yan gudun fanfalaki suka samo al'adar cika ciki da sitaci kafin gasa.

Saltin kuma yana cikin waɗanda suka kwantar da samari biyar a gado mako uku a Dalas ta Amurka a 1966. Ƙarfin jikinsu na amfani da iskar oksijin ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, sakamakon da ya shiga cikin hujjojin tayar da majinyaci da wuri maimakon barinsa kwance. Wannan shi ne tasiri a ganinmu: hanyar aiki da har yau ake bi, da shawarar asibiti da ta sauya.

To, yi wa masaninka irin wannan bin sawu. Ɗauki maƙalunsa biyar da aka fi ambata, ka buɗe goma daga cikin waɗanda suka ambaci kowacce. Lura da inda sunansa ya fito. In a sashen hanyoyin bincike ne, ana aiki da dabararsa. In a gabatarwa ne cikin jerin sunaye, gaisuwa ce kawai. Wani ambaton ma na ƙaryatawa ne, kuma na'ura tana ƙirga shi daidai da na yabo. Duba matsayinsa cikin marubuta: a wannan fanni, marubuci na farko yakan zama wanda ya yi aikin, na ƙarshe shugaban ɗakin gwaji. Maƙalar bita, wadda ke taƙaita binciken wasu, tana tara ambato fiye da gwaji na asali, don haka ware su daban. Leƙa PubMed, rumbun maƙalun likitanci, ka ga ko an janye wata maƙalarsa.

Sannan ka karanta a kan wa aka yi gwajin. Yawancin tsofaffin binciken nan a kan samarin Turai masu ƙoshin lafiya aka yi su, wasu kuma a kan ɓeraye, kamar aikin John Holloszy na 1967 kan ƙaruwar maitokondiriya, wato sassan ƙwayar halitta da ke samar da ƙarfi, bayan horon gudu. In kundinka ya shafi mai ciwon sukari da ke azumin Ramadan cikin zafin Makka, rubuta wannan bambanci a fili, ka nemo binciken da aka yi a kan masu azumi ka ajiye shi kusa da nasu.