Yadda nake haɗa hot todi idan sanyi ya shiga ƙashi

Hunturuna na farko a Gilasgo, wani birni a Sikotlan, mura ta kama ni a watan Disamba, lokacin da rana ke faɗuwa tun kafin ƙarfe 4 na yamma. Wata dattijuwa maƙwabciyata ta ji tarina ta bango, ta zo ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta ce hot todi nake buƙata. Na tambaye ta me ake sawa a ciki. Ta lissafo ruwan zafi, zuma, lemun tsami, kanumfari, sai wiski. Na ce mata ba na shan giya. Ba ta ja zancen ba, ta ce to a cire wiskin, a sa shayi mai kauri a madadinsa. Da wannan haɗin nake fita hunturu har yau.

Asalinsa dai abin shan mutanen Sikotlan da Ailan ne, kuma da giya suke yinsa, gara kowa ya san haka tun farko. Sunan kuwa daga Indiya ya zo, daga "tari", ruwan da ake tatsa a jikin itacen giginya da danginta. Turawan Ingila suka ɗauko kalmar, zuwa ƙarni na 18 ta zama sunan giyar da aka sirka da ruwan zafi da sukari da kayan ƙamshi. Don haka idan aka miƙo maka shi a gidan baƙi ko wurin cin abinci a can, ka tambaya. Kada kuma ka yarda da maganar cewa zafin ruwan yana kore giyar. Ba ya korewa, tana nan a cikin kofin.

Ni a ganina ba a rasa komai ba idan an cire ta. Giya tana buɗe jijiyoyin jinin da ke kusa da fata, mutum ya ji ɗumi ya mamaye shi, alhali zafin jikin ne ke fita waje. Abin da ke sanyaya maƙogwaro shi ne zumar da ɗumin ruwan, tururin kuma ya sassauta toshewar hanci. A 2008 masu bincike a cibiyar nazarin mura ta Jami'ar Kadif da ke Birtaniya sun gwada, suka ga abin sha mai zafi ya fi irinsa mara zafi rage ciwon maƙogwaro da jin sanyi da kasala. Hukumar lafiya ta Birtaniya ma ruwan zafi da zuma da lemun tsami take ba masu tari shawarar sha.

Ga yadda nake yi, na kofi ɗaya.

Kafin komai ina cika kofin da ruwan zafi in bar shi ya tsaya. Mutane da yawa suna tsallake wannan, sai kofi mai sanyi ya shanye zafin cikin minti biyu, a ƙare da ruwa mai ɗumi-ɗumi mara armashi. Kofin tangaran mai kauri ya fi riƙe zafi. Idan na gilashi ne, mutanen Ailan sukan tsoma cokalin ƙarfe a ciki kafin su zuba ruwan, don gudun kada ya tsage.

Yayin da kofin ke ɗumama, sai in ɗora ƙaramar tukunya da ruwa kamar mililita 300, domin wani zai tafi a tururi. In yanka ɗanyar citta kamar tsawon gaɓar babban yatsa, sala-sala, ba sai na ɓare ta ba idan na wanke ta da kyau. In jefa kanumfari 4 da guntun itacen kirfa. Garin kirfa ba ya narkewa, yana kwantawa ne kamar laka a gindin kofi, shi ya sa na fi son itacen. Da ya tafasa sai in rage wuta, in bar shi yana ɓararraka a hankali na minti 8 zuwa 10. Za ka san ya yi idan ruwan ya koma launin ƙasa-ƙasa, ƙamshin cittar kuma ya fara yi maka yaji a hanci. Kanumfari kada ya wuce biyar, ya fi kowa ƙarfi a tukunyar, idan ya yi yawa sai harshe ya mutu, ka kasa jin ɗanɗanon sauran.

Daga nan in sauke, in tsoma jakar baƙin shayi ɗaya na minti 3. Shayin ne ke maye gurbin wiskin, shi ke ba haɗin nauyi da ɗan bauri, ba don shi ba sai abin ya zama ruwan zuma kawai. Amma idan ya wuce minti huɗu zai yi ɗaci. Wanda shayi ke hana shi barci ya nemi wanda aka cire wa kafeyin, sinadarin da ke hana barci, ko ganyen shayin ruyibos na Afirka ta Kudu, wanda ba shi da shi tun asali.

Yanzu sai a zubar da ruwan da ke kofin, a sa zuma babban cokali ɗaya, a tace haɗin a kai, a juya har ta narke. Lemun tsami shi ne na ƙarshe, babban cokali ɗaya, wanda aka matse a take. Ba na dafa shi tare da sauran, tafasa tana kashe masa wannan ƙamshin mai wartsakarwa. Ga kuma wani abu da na koya daga baya, wanda ya canja min haɗin gaba ɗaya: ka fere ɓawon lemun siriri, saman kawai ban da farin ciki mai ɗaci, ka murɗe shi a bakin kofin. Idan ka duba ta wajen haske za ka ga ɗigon mai ƙanana suna fesuwa a kan ruwan. Wannan man shi hanci ke fara karɓa kafin baki ya taɓa kofin.

Sai ka ɗanɗana. Zuma ba ɗaya ba ce, lemun ma haka. Idan tsami ya sa ka yamutsa fuska, ƙara rabin cokalin zuma. Idan zaƙi ya gundure ka, ƙara ɗigon lemu.

Abin da ba na wasa da shi: ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 zuma, ko ɗigo, saboda tana iya ɗauke da ƙwayoyin cutar botulizim da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna. Mai ciwon sukari kuma ya lissafa zumar kamar sukari. Haɗin yana sauƙaƙa mura ne, ba ya warkar da ita, don haka tarin da ya wuce mako 3, ko ya zo da jini ko sarƙewar numfashi, na likita ne.

Ina shan nawa kamar awa ɗaya kafin kwanciya, a zaune, ƙafafuna cikin bargo. Ina riƙe kofin da hannu biyu, in kawo shi kusa da fuska in shaƙi tururin sau uku ko huɗu, sannan in fara kurɓa kaɗan-kaɗan. Bayan na gama nakan kurkure baki da ruwa, domin zuma da tsami ba sa yi wa haƙori daɗi idan suka kwana a kai.